Yadda ake zaɓen bakin injin huda daidai da aiki

Bakin injin huda shi ne wurin da ke damƙe meshi, wato ƙarfen da ke yin hudar, makanikai a Damagaram kuwa kan kira shi mandiran. Kafin ka shiga Kasuwar Dole nemansa, ka san abin da za ka huda: ƙarfe, katako ko kankare.

In ƙarfe ne, kamar ƙofofi da tagogin da masu walda ke yi, nemi bakin da ake ɗaurewa da lakile. Haƙora uku gare shi, kuma a jikinsa akwai ramuka uku da ake sa lakilen. Ka ɗaure a dukkan ukun, bi da bi. Yawancin yara a gareji rami guda suke murɗawa su kama aiki, sai meshi ya tsaya cik a cikin ƙarfe, baki na ta juyawa a kansa yana cin gindinsa. Meshin da gindinsa ya yi zobe-zobe ya daina zama daidai ke nan. Ka ɗaure lakilen a jikin wayar injin da igiyar roba, don shi ne abin da ya fi ɓata, kuma ka cire shi daga baki kafin ka kunna.

Kafinta mai canza meshi sau goma a awa ɗaya ya fi jin daɗin wanda ake ɗaurewa da hannu, irin na injin batir. Yana da sauri, amma riƙonsa bai kai na mai lakile ba in meshi ya yi kauri.

Kankare da dutse kuwa sai irin bakin da ake kira SDS, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975. Ba ya matse meshi. Gindin meshin na da kwarmi, ƴan ƙwallayen ƙarfe su riƙe shi yana kai da komo, ta haka bugun da injin ke yi kamar guduma ke isa bango. Saboda haka in ka ga yana ɗan motsi, lafiya lau ne. SDS-plus mai gindin milimita 10 ya isa kafa parabol ko ƙarafan sola a bulon siminti. SDS-max mai milimita 18 na manyan ramuka ne da fasa dutse, kuma ɗaya ba ya shiga bakin ɗaya. Akwai mandiran mai haƙora da ake cusawa a injin SDS don huda katako. Ka kashe bugun kafin nan, in ba haka ba zai wargaje.

Sai girma. A jikin baki ana rubuta iyakar abin da yake ɗauka: milimita 10, 13 ko 16. Na 13 ya ishi yawancin aiki. Kusa da shi akwai wata lamba, 3/8-24 ko 1/2-20, wato irin zaren da yake hawa a kai. Injin tsaye na teburi kuma yawanci ba zare gare shi ba, cusa bakin ake yi, lambar B16 ko B18 za ka gani. Mafi sauƙi, tafi da tsohon wurin mai shago.

Wajen cire tsohon ne mutane ke ɓarna. In baki mai zare ne, buɗe haƙoran duka, leƙa ciki, yawanci akwai kusa mai zaren hagu: dama ake murɗa ta ta fita. Sannan ka damƙe babban lakile mai kusurwa shida a bakin, ka buge shi da guduma ta hagu, sau ɗaya da ƙarfi.

Bayan ka ɗaura sabon, sa miƙaƙƙen meshi ka kunna a hankali, ka dubi tsininsa. In yana rawa, mayar wa mai shago bakin. Lokacin hunturu ƙura na cika haƙoran, don haka ka hure su da iska, ka ɗiga mai kaɗan ka goge, domin mai da yawa yana haɗuwa da ƙura ya zama laka. Gindin meshin SDS kaɗai ake shafa wa giris, shi ma bayan an goge shi da tsumma.