Iska a Famfon Kwamin Iyo: Ta Ina Take Shiga, Me Ke Hana Ruwa Zagayawa

Idan kumfa na fitowa daga bakunan da ke mayar da ruwa cikin kwami, ko ka leƙa ta murfin famfo ka ga ruwa na tafarfasa da iska maimakon ya cika taf, kada ka yi gaggawar sayen sabon inji. Famfo ba ya ƙirƙirar iska, zuƙo ta yake yi, kuma kusan koyaushe daga wani wuri ne kafin ruwa ya iso gare shi.

Hanyar ruwan kashi biyu ce. Daga sikima, wato bakin nan na jikin bango da ke kwashe ruwan sama da ganyaye, da magudanar ƙasan kwami, har zuwa farfelar famfo, wato fankar cikinsa da ke jan ruwa tana tura shi, ɓangaren zuƙa ke nan. Daga farfela zuwa filta, zuwa bakunan mayarwa, ɓangaren turawa ne. Tsagar da ke ɓangaren turawa ruwa take zubarwa, ido na gani. Ta ɓangaren zuƙa kuwa, muddin inji na aiki, ko ɗigo ba ta yi, iska take sha. Shi ya sa mai kwami zai ga ƙasa a bushe ya rantse babu yoyo.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

Ya kamata ruwa ya kai tsakiyar bakin sikima. In ya sauka ƙasa da haka, za ka ga yana juyawa a cikin sikimar yana ƙugi, iska na bi ta tsakiya. Ƙara ruwa, sannan ka taɓa ƙofar nan mai lilo da ke bakin sikima: idan ta maƙale a tsaye, tana tare ruwa ko da kwami a cike yake. Zazzage kwandon sikima da na famfo. Kwandon da ya tsage a canza shi, don ta tsagar datti ke wucewa cikin farfela.

Murfin famfo da abin da ke kewaye da shi

A nan ya kamata ka daɗe. Kashe wuta daga bireka, rufe bawul ɗin zuƙa in famfon yana ƙasa da tsayin ruwan kwami, ka buɗe murfin. Ciro zoben robar da ke ƙarƙashinsa, ka goge shi tare da kwarin da yake zama a ciki. Ƙwayar yashi guda ko gashi ɗaya a kan zoben ya isa ya buɗe wa iska hanya. Lanƙwasa shi a hankali a gaban haske. In ka ga ƙananan tsagogi, ko ya baje ya daina zama zagaye, ko ya saki har ba ya zama a kwarinsa, aikinsa ya ƙare. In lafiyarsa ƙalau, shafa masa giris na silikon kaɗan. Ban da basilin ko giris na mota, su kan kumbura robar su lalata ta. Da hannu ake ɗaure murfin, ba da guduma ba.

A ƙasan jikin famfo akwai matosai na zubar da ruwa, galibi biyu, kuma wanda ke jikin tukunyar kwando, wato inda kwandon famfo ke zama a ƙarƙashin murfi, yana ɓangaren zuƙa. Ana yawan mantawa da shi. Cire shi ka duba robarsa, ko ka naɗa masa farin tef na masu aikin famfo zagaye uku zuwa huɗu in ba mai roba ba ne.

Sai mahaɗin da fayif ke shiga bakin famfo. Idan famfon ya taɓa aiki babu ruwa, zafi kan sa robar PVC ta wurin ta ɗan tsuke, zaren ya saki. Girgiza fayif ɗin; in yana motsi, tef ba zai yi magani mai ɗorewa ba, yanke shi za a yi a sa sabon mahaɗi.

In har yanzu ba ka gano ba, kunna famfon ka ɗauko tiyo. Riƙa zuba ruwa a hankali a kan mahaɗi ɗaya na kamar minti guda, idonka na kan murfi. Inda ka zuba kumfar ta ragu ko ta ɓace, nan ne, domin yanzu ruwa tsagar ke sha. Kumfar aski ma na yi: shafa ta kewaye da mahaɗin, inda ta lotsa ciki nan iska ke shiga. Wata dabarar kuma, ka zuba wa mahaɗan ido wani ya kashe injin. Ruwan da ya dawo baya kan yi tsartuwa ta tsagar sau ɗaya. Kada ka tsallake bawul, akwai ƙananan zobban roba a ƙarƙashin hannunsa da murfinsa.

Idan sikima da magudanar ƙasa kowanne da bawul ɗinsa, rufe ɗaya ka bar ɗaya, sannan ka sauya. Layin da kumfa ke dawowa in an buɗe shi, shi ne mai laifi. In duk abin da ke sama lafiya yake, to tsagar na cikin ƙasa, wannan kuwa sai mai gyara ya toshe layin ya gwada shi da matsi.

Ba kowace kumfa ce matsala ba. Famfo mai sauya gudu kan tara 'yar iska a ƙarƙashin murfi idan yana tafiya a hankali, injin da ke yin sinadarin kulorin daga gishiri shi ma yana fitar da ƙananan kumfa ta bakunan mayarwa.

Ɗora wa famfo ruwa

Bayan ka gyara, cika tukunyar kwando da ruwa har baki, rufe murfi, buɗe bawul ɗin sakin iska da ke saman filta, ka kunna. Buɗe layin zuƙa ɗaya tukuna, in ya kama ka buɗe saura a hankali. Cikin minti biyu zuwa uku ya kamata tukunyar ta cika. In ba ta cika ba, kashe ka sake zuba ruwa. Barinsa yana juyawa a bushe yana ƙona sil, wato abin da ke hana yoyo tsakanin farfela da inji, sai ka wayi gari ruwa na ɗiga ta ƙarƙashinsa. Rufe bawul ɗin iska da zarar ruwa zalla ya fara fesowa. Iskar da ta matsu a cikin tankin filta abin tsoro ce, tana iya cilla murfin sama, saboda haka ba a kwance ɗaurin tankin sai an kashe wuta, an saki iska, gejin auna matsi ya koma sifili.

Babu iska, amma ruwa ba ƙarfi

Gejin da ke kan filta zai nuna maka inda za ka nufa, da sharaɗin ka san adadin da yake nunawa in filta na da tsabta. Rubuta adadin a jikin tankin. Gejin da ba ya komawa sifili in an kashe inji ya lalace, a sauya shi.

Matsi ya hau da psi (ma'aunin matsi a geji) 8 zuwa 10 a kan wancan adadi: toshewar na ɓangaren turawa, yawanci filta ce ta cika. Filta mai yashi a wanke ta da ruwan baya, wato a juya ruwa ya bi ta baya ya fitar da datti, minti biyu zuwa uku har ruwan gilashin dubawa ya yi garau, sannan a ɗauraye na daƙiƙa 30. Kullum a kashe famfo kafin a juya hannun babban bawul ɗin filta, in ba haka ba robar cikinsa za ta yage. Mai katirij, wato matacin da ake cirowa daga tanki, a ciro shi a wanke da tiyo. In kana shakka kuma filtarka na da babban bawul, juya hannunsa zuwa inda ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta filta ba. Ƙarfi ya dawo, filta ce. Bai dawo ba, nemi bawul ɗin mayarwa da aka bari a rufe.

Matsi ya faɗi ƙasa: ruwa ne ba ya isowa, ko farfela ta toshe. Alamar toshewar farfela ita ce tukunya a cike, ruwan yana juyi a kasalance, inji na ƙara yadda ya saba. Kashe bireka, cire kwando, ka zura yatsa ko lanƙwasasshiyar waya ta ramin da ke bayansa, ka zaƙulo gashi da 'ya'yan itace da tsakuwa. In famfon na ƙara kamar yana niƙa tsakuwa, yunwar ruwa ce, layin zuƙa ya toshe ko an rage bawul. Irin wannan toshewa daga wajen famfo ake turo ta baya: zura tiyo a fayif ɗin da ke shiga tukunya, toshe gefensa da tsumma, ka buɗe ruwa, wani ya tsaya a sikima ya kwashe abin da ya fito. Ƙara mai kama da ƙuwwa kuma ba ta da alaƙa da ruwa, boris ɗin inji ne ya cinye. Injin da ke gurnani bai juya ba, a kashe shi nan take, a duba ko wani abu ya maƙale a farfela kafin a zargi kafasito, na'urar lantarkin da ke taimaka wa inji tashi.