Yadda ake neman fanshon mamaci a Kes ba tare da dosiye ta kwana shekara ba

Idan ma'aikacin kamfani ko na wata ƙungiya ya rasu, kuma ana cire masa kashi 5.25 cikin 100 na albashinsa zuwa CNSS, hukumar fanshon ma'aikata ta Nijar, wadda mutanen Damagaram suka fi sani da Kes, matansa da marayunsa suna da haƙƙi a can. Matar tana samun rabin fanshon da ya kamata mijin ya karɓa, in su biyu ne ko huɗu a raba rabin nan daidai tsakaninsu. Amma fara duba inda mamacin ya yi aiki. Cikakken ma'aikacin gwamnati ba a Kes lissafinsa yake ba, a CARENI yake, wato asusun fanshon ma'aikatan gwamnati, kada ka ɓata kuɗin kabu-kabu zuwa Kes.

Aikin farko na ɗan'uwa ne ko babban ɗa, ba na mai takaba ba. Dokar 2019 ta rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta ba da kwana 60 a sanar da rasuwa, ita kuwa takaba wata huɗu ce da kwana goma. Yawancin gidaje sai an yi sadakar arba'in ake tuna takarda, a ce bari uwar gida ta fita takaba tukuna, kafin nan wa'adi ya wuce. A satin farko, tun ana zaman makoki, wani ya ɗauki shaidar likita ya tafi ma'aikatar magajin gari ta da'irar da aka yi rasuwar, cikin da'irori biyar na birnin Damagaram. A cikin wa'adi kyauta ne. Bayan wa'adi sai kotu, da shaidu, da jira.

Yanzu tara takardun gidan duka a shimfiɗa su kan tabarma: katin Kes na mamaci, katin ɗan ƙasa, takardar haihuwarsa, takardar aure, takardun haihuwar yara ɗaya bayan ɗaya. A nan ne dosiye take mutuwa, don haka kada ka yi gaggawa. Karanta sunan uban a kowace takarda harafi-harafi. Mutum ɗaya za ka tarar Mahamane ne a katin Kes, Maman a takardar aure, Mamane a ta ɗan fari, a ta auta kuma an rubuta laƙabinsa na unguwa. A unguwar Birni ko Zango kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke duba dosiye ba ɗan unguwarku ba ne, abin da ke rubuce yake bi. Haka shekarar haihuwa: dattawa da yawa an ƙiyasta musu shekara ne, sai katin ɗan ƙasa ya ce ɗaya, na Kes ya ce wata. Ɗauki rubutun da ke takardar haihuwar mamacin a matsayin asali, duk wadda ta saɓa da ita a kai ta gyara kafin a miƙa komai. Kada ka taɓa gogewa ko ƙara harafi da biro, ko da kuskuren a fili yake. Takardar da aka taɓa ta zama abin tuhuma, ga shi ba ka da wata.

Sai aure. Ɗaurin aure da goro a ƙofar gida ya halatta zama, amma Kes takarda take nema. Sau da yawa uwar gida tana da ita, amarya ba ta da, ko akasin haka. Wadda ba ta da takarda sai ta nemi hukuncin kotu da shaidu. Ni dai ra'ayina, a haɗa dosiyar matan duka lokaci guda. Wanda ya ɓoye kishiya don kason 'yar'uwarsa ya ƙaru, ran da ta bayyana rigima ce ta tashi. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ma hanyar kotun ce. In ka ji an zo zaman kotu na tafi-da-gidanka a Mirriya ko Matamai kuma can aka haife shi, kada ka bari ya wuce, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Daga wurin aikinsa karɓo takardar shaidar aiki da takardun albashi na ƙarshe. In aka ce maka babu zubinsa na wasu shekaru alhali an yi ta cire masa, takardun albashin nan su ne hujjarka, ka kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago.

Yi fotokofi biyu na komai, a buga musu hatimin tabbatarwa, na asali su zauna gida cikin leda. Ranar miƙawa kada ka fito sai da rasit mai kwanan wata, kuma kada ka ba ɗan kamasho na bakin ƙofa ko dala. Bayan an fara biya, a riƙa kai takardar shaidar rai duk lokacin da aka nema, da shaidar makaranta ta yaran da suka girma, in ba haka ba kuɗin ya tsaya.