Yadda Za Ka Zaɓi Furosesa da Madabod Don Haɗa Kwamfutarka ta Farko a Accra da Ɗan Kuɗi

Wanda ya shiga Tip Toe Lane a Circle da kuɗin haɗa kwamfuta a aljihu, abin da zai fara ji shi ne "i7 ce, masta, zo ka gani." Samarinmu na Nima, Mamobi da Madina Zango da yawa sun saki kuɗinsu saboda wannan sunan kawai, suka koma gida da kayan da suka haura shekara goma. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da madabod, wato babban faifan da ake jona komai a kansa, su ne ke ƙayyade sauran abin da za ka saya: irin ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), irin akwati, har ko kana bukatar katin hoto, mai sarrafa abin da ke fita a allo. Don haka tare ake zaɓensu, kuma a kan takarda, tun kafin ka hau trotro.

Mataki na farko: me za ka yi da ita?

Rubuta aikin. Idan buga takardu ne, karatu, koyon rubuta manhaja, zanen fosta na biki da suna, ko ɗan wasan ƙwallo da yamma, furosesa mai ƙwaya 4 zuwa 6 ta wadatar (ƙwaya su ne sassan da ke raba aiki a cikinta). Mai yanka bidiyo kullum kada ya yi ƙasa da 6.

Sai tambayar da ta fi taɓa aljihu: za ka sayi katin hoto daban, ko kuwa? Sau da yawa katin shi ne ya fi komai tsada a cikin kwamfuta. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki furosesar da ke da sashen hoto a cikinta, ya fara aiki, in hali ya samu ya ƙara kati daga baya.

Mataki na biyu: koyi karanta lambar

Intel da AMD su ne kamfanonin furosesa da za ka gani. A wajen Intel, i3, i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin zubi guda. Lambar da ke biye ita ke faɗin shekaru. Core i7-3770 zubi na 3 ce, ta fito a 2012. Core i3-12100 zubi na 12 ce, ta 2022. Dukansu ƙwaya 4 gare su, amma wannan i3 ɗin ta yi wa waccan i7 nisa a sauri, kuma ba ta kai ta shan wuta ba.

Akwai wani dalilin kuma. Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 a hukumance, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000 ta fara. Microsoft ta daina tallafin yau da kullum na Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Saboda haka komai arhar kayan zubi na 4 ko na 6, ka bar su a shagon.

Harafin ƙarshe ma da ma'anarsa. F a Intel na nufin babu sashen hoto: i3-12100F ko i5-12400F ba za su nuna komai a allo ba sai da kati. K kuma ta masu ƙara wa furosesa gudu ce, ba ta zuwa da fanka, tana son madabod mai tsada, ba taka ba ce yanzu. A AMD kuwa G ake nema. Ryzen 5 5600G tana da ƙwaya 6 da sashen hoto mai ɗan ƙarfi, amma Ryzen 5 5600 da 5500 ba su da shi. Harafi ɗaya ne bambancin, kuma shi ne tsakanin kwamfutar da ta kawo hoto da wadda fankarta ke juyawa allo na baƙi.

In ka tambaye ni, ga mai ɗan kuɗi da ba zai sayi kati ba, 5600G ce a gaba, domin hotonta ya fi na i3-12100 nesa ba kusa ba. Wanda aikinsa na ofis ne zalla, i3-12100 ba za ta ba shi kunya ba. Mai sayen kati tun farko ya duba 5600 ko i5-12400F.

Mataki na uku: soket

Soket shi ne gurbin da furosesa ke zama a kan madabod, kamar kwaɗo da makullinsa, kowane da nasa. Ryzen 5000, wato su 5600G, 5600 da 5500, na zama a AM4, wanda AMD ta fito da shi a 2016, kuma ram ɗinsa DDR4 ne. AM5 ya zo a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. Yana da tsawon rai a gaba, sai dai yakan fi cin kuɗi. A Intel, zubi na 12, 13 da 14 na zama a LGA1700, na 10 da 11 a LGA1200.

Abu biyu ke kama mutane a nan. Na ɗaya, madabod na LGA1700 akwai mai DDR4, akwai mai DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Duba kwalin kafin ka sayi ram. Na biyu ga masu sayen kayan hannu: LGA1151 suna ɗaya ne amma iri biyu. Madabod ɗin zubi na 6 da 7 ba ya tayar da furosesar zubi na 8 ko 9, ko da ta zauna daram a gurbin.

Mataki na huɗu: madabod ɗin kansa

A AM4 za ka ga nau'o'in madabod masu lamba A520, B450 da B550. A LGA1700 akwai H610, B660 da B760. Masu X da Z a farkon suna na manyan kuɗi ne, kuma ba za su ƙara wa 5600G ko i3 wani gudun da za ka gani ba. A520 ko H610 sun isa, in kuɗi ya ɗan ragu ka hau B550 ko B760.

Ka ɗan tsaya a kan B450, domin yana da yawa a kasuwar kayan hannu. Ya riga Ryzen 5000 fitowa, don haka sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, yake gane su. Wasu suna da maɓalli a baya da ake sabuntawa da filasha ba tare da furosesa ba, wasu kuwa sai an ɗora tsohuwar furosesa tukuna. Ka roƙi mai shago ya yi maka wannan a wurinsa, inda yake da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta BIOS, madabod na iya mutuwa, kuma mun san halin wutarmu. Kowane kamfani, ASUS ne, MSI, Gigabyte ko ASRock, yana da jerin furosesoshin da kowane madabod ke ɗauka a shafinsa na intanet. Buɗe shi a wayarka a gaban mai shagon.

Daga nan ƙirga ramuka. Na ram aƙalla 2, kuma ka cika su duka: 8GB guda biyu sun fi 16GB guda ɗaya, musamman ga 5600G, domin sashen hotonta daga ram yake aron wurin aiki. DDR4-3200 ya dace da ita. A tabbata akwai ramin M.2 na SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri. Juya bayan madabod ɗin ka ga inda allo ke shiga, domin tsofaffin alluna na kayan hannu da yawa mahaɗin VGA kawai gare su, wasu sababbin madabod kuma HDMI da DisplayPort kaɗai suke da su. Yawancin masu arha ba su da Wi-Fi. Ƙaramin na USB ya magance wannan.

Girma kuma, micro-ATX, wanda bai wuce santimita 24.4 kowane gefe ba, shi ne daidai: yana da arha, yana shiga kusan kowane akwati.

Kada ka sayi madabod da aka ciro daga kwamfutar ofis ta Dell ko HP da nufin sa shi a sabon akwati. Da yawansu mahaɗin wutarsu na musamman ne, ba mai fil 24 da aka saba ba, ramukan kusoshinsu ma ba lallai su dace ba.

Mataki na biyar: a shago

Kayan hannu ba laifi ba ne. Furosesa ba ta cika lalacewa ba, madabod ne ke tsufa. Idan dole ɗaya ya zama na hannu, to furosesar ta zama, madabod ya zama sabo.

Ɗaga su ka duba a haske. A AM4 filolin suna jikin furosesa, a Intel suna cikin soket. Ko ɗaya ya lanƙwashe, ajiye. Duba alamar ƙuna kusa da mahaɗin wuta mai fil 8, da tsatsa a bakin ramukan USB, domin iskar teku ta Accra tana cin ƙarfe. Sannan ka ce, "Maigida, don Allah a haɗa a kunna in gani." Shiga BIOS, ko a buɗe manhajar CPU-Z, ka ga sunan furosesar ya yi daidai da abin da aka rubuta a kanta. A bar ta tana aiki na ɗan lokaci, ku ga zafinta. Wanda ka samu a Jiji ko Tonaton ma haka: ku haɗu a wurin da ake gwaji, kada ka tura masa kuɗi ta momo kafin ka gani da idonka.

Ka sayi su biyun a shago ɗaya, don kada gobe mai furosesa ya ɗora laifi kan mai madabod. A rubuta maka lambar kowanne da kwanakin garanti a rasit. Ka karɓi fankar furosesa, domin 5600G da i3-12100 sababbi a kwali suna zuwa da tasu, da kuma farantin ƙarfen da ke rufe bayan akwati, wanda masu kayan hannu kan manta da shi. Farashi na tafiya da dala, don haka zagaya shago uku ko huɗu a rana ɗaya kafin ka taya.

Abin da ka rage daga kuɗin madabod, ka zuba shi a akwatin wutar kwamfuta (power supply) mai suna da kuma UPS ko na'urar daidaita wuta. Lokacin hunturu kuma ka riƙa buɗe akwatin kana hure ƙurar da ke taruwa a fanka.