Bindigar giris ta ƙi aiki? Kafin ka jefar da ita ka duba waɗannan wuraren

Salam 'yan uwa direbobin tarakta da makanikai da yaran mota. Damina in ta kama kowa sauri yake, mai gona yana tsaye a kanka yana ƙirga awa, kai kuma ka ɗauko bindigar giris kana ta bugawa hannun yana tafiya sakayau babu abin da yake fita, ko kuma ya ƙage kamar an yi masa walda. Abin da na fi gani shi ne a ce "rabu da ita ta lalace", a shiga gona haka nan ba giris, bayan sati biyu boris ɗin haro ya fara kuka ko fin ɗin gaba ya cinye bushin. Alhali yawancin lokaci bindigar lafiyarta ƙalau, iska ce ko datti, kuma gyaran bai kai minti goma ba.

Farko dai ka raba gardama, ka san laifin na bindiga ne ko na nipil, wato ɗan ƙarfen da ke jikin mota wanda giris yake shiga ta cikinsa. Cire bakin bindigar daga jikin mota ka buga a kan tsumma. In giris ya fito sosai toh bindiga ba ruwanta, matsalar tana wajen nipil ko bakin da yake kama shi. In bai fito ba sai mu buɗe bindigar. Wannan ɗan gwajin mutane suke tsallakewa su yi ta canza abin da bai lalace ba.

Bari mu fara da iska domin ita ce babbar mai laifi. Bindigar giris famfo ce kawai, akwai sifirin mai tsawo a cikin gangar da yake tura wata roba, robar ta tura giris zuwa kai, shi kuma ɗan fistin da ke kai ya matse shi ya fita ta tiyo. In iska ta taru a ƙarƙashin fistin ɗin nan, ita zai yi ta matsewa tana komawa, giris ba zai motsa ba. Alamarta hannu ya yi laushi, ko giris ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan da ƙarar tartsatsi. Maganin, ka sassauta kan bindigar daga gangar kamar juyi ɗaya ko biyu, kar ka cire gaba ɗaya, sai ka tura sandar da ke gindin bindigar ciki da ƙarfi kana buga hannun, za ka ji iska ta fita ta wajen tiredi sannan giris ya biyo baya, sai ka ɗaure. Wasu bindigogin suna da ɗan maɓalli ko ɗan noti a kai na fitar da iska, ka danna shi kana tura sandar har sai giris ya leƙo. A mafi yawansu sandar tana da wani ɗan haƙori, sai ka ja ta ka ɗan juya ta ta kama robar kafin turawarka ta yi amfani, in ba ta kama ba sandar za ta shige cikin giris ne kawai kana zaton kana turawa.

Daga ina iskar take shiga? Daga wajen cikawa. Mu nan yawanci giris na bokiti ko na gwangwani muke saya saboda ya fi araha, yaro ya sa hannu ko tsinken itace ya yi ta cusawa, tsakanin kowace cusawa an bar rami, kuma hannun nan da ƙasa a jiki. Yadda ya fi, ka cire kan, ka nutsa bakin gangar cikin giris ɗin bokiti kamar tsawon ɗan yatsa, sai ka ja sandar baya a hankali kana ƙara nutsawa, ita da kanta za ta zuƙo ba tare da rami ba. In dole sai da cusawa, toh a yi da ƙarfe mai tsafta, ana yi ana buga gindin gangar a kan katako domin giris ya zauna. Masu amfani da giris na kwali mai giram 400 da ake zurawa cikin gangar kuwa, ja sanda ka maƙale ta, cire murfin roba ka fara shigar da wannan ɓangaren, sannan ka fincike murfin ƙarfen da ke sama. Wallahi ana mantawa da murfin nan, kuma ana mantawa a saki sandar bayan an ɗaure kai, sai a ce bindiga ta mutu. Ka kuma leƙa kar tsohon kwalin ya maƙale a ciki.

In ka fitar da iska har yanzu shiru, ja sandar baya ka duba. Ka ga ta fito jage-jage da giris, ko giris yana tsiyaya ta gindin bindiga? Robar ce ta cinye ko ta juye, giris yana zagayewa bayanta maimakon ya yi gaba. Wasu bindigogin robarsu fuska biyu gare ta, ɗaya ta kwali ɗaya ta cikawa daga bokiti, in an sa ta a baibai haka za ta yi. Ganga in ta lotse, misali taya ta taka ta ko ta faɗo daga kan mota, robar tana tsayawa daidai wajen lotsewar, rabin giris ya rage a ciki ba ya fita. Wannan kam sai dai sabuwa.

Sai ɗan bawul da ke cikin kan bindigar, ɗan ƙwallon ƙarfe ne da ƙaramin sifirin. Aikinsa ya bar giris ya wuce ya hana shi dawowa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi zama, kana bugawa giris ya tafi, kana sakin hannu ya dawo. Kwance tiyo, fito da ƙwallon da sifirin a kan farin tsumma don in ya faɗi cikin ƙasa ba ka ƙara ganinsa, wanke da kananzir ko gas, ka busar, ka mayar yadda ka same su. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance, ba kunya ba ce.

Yanzu ɗaya ɓangaren, bindiga tana fitarwa amma a jikin mota giris ba ya shiga. Nan ne aka fi yaudarar kai, domin giris yana tumbatsa a gefen nipil yaro ya ga wuri ya yi maiƙo ya ce an sha giris oga, alhali ko ɗigo bai kai ga fin ba. Giris ɗin da ya shiga shi ne wanda ka ga ya turo tsohon baƙin ya fito ta gefen bushin. In yana fita ta bakin bindiga, ko haƙoran bakin sun cinye, ko ɗan robar da ke cikinsa ta fashe, ko kan nipil ɗin ya goge, ko ba ka ɗora shi a miƙe ba. Bakin yana da haƙora uku ko huɗu a ciki kuma abu ne mai ƙarewa, kuɗinsa bai kai komai ba in ka kwatanta da boris, ka ajiye guda biyu a akwatin kaya. Wasu ana iya ƙara ɗaure hular gabansu su ƙara kamu. Akwai kuma irin mai maƙalewa da ɗan hannu, wanda in ya kama nipil ba ya saki sai ka danna, yana da tsada amma ga mai aiki shi kaɗai a ƙarƙashin haro ya cancanci kuɗinsa, matsalarsa kawai kauri, akwai lungun da ba ya shiga.

In kuma hannu ya ƙage, toh nipil ya toshe ko hanyar da ke bayansa. A bakin kowane nipil akwai ɗan ƙwallo, ƙurar hunturu da laka da tsohon giris sukan daskare a kansa su zama kamar siminti. Goge shi, ka danna ƙwallon da ƙaramar ƙusa ka ga ko yana shiga yana dawowa. In bai motsa ba kwance shi da sifana, ka ɗora shi a bakin bindiga ka buga, in giris ya wuce ta cikinsa nipil lafiya lau, toshiyar tana cikin ramin. Sai ka soka waya ka ƙwaƙulo busasshen giris, ka ɗiga ɗan gas ko baƙin mai ka bar shi ya jiƙa, ka mayar ka gwada. Dabarar da mutane da yawa ba su yi ita ce sauke nauyi. Fin da nauyi ya danne ba shi da sararin da giris zai bi, saboda haka ɗaga gaban tarakta da jak ka sa takozo mai ƙarfi, kana juya sitiyari hagu da dama wani yana bugawa, za ka ga ya karɓa. Haka garma ko haro, a sauke a ƙasa ko a juya faifan da hannu. Injin a kashe, mukulli a aljihunka, musamman in kana kusa da sandar PTO, wato wadda ke bayan tarakta tana juya kayan aiki, wannan sandar tana juyi 540 a minti ɗaya kuma in ta kama babbar riga ba ta jira.

Wajen sayen sabon nipil ka tafi da tsohon a hannu, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna. Tiredinsu kama da juna suke amma ba ɗaya ba ne, akwai na milimita irin M6 da M8 da M10, akwai na inci, kuma tsofaffin Massey Ferguson da wasu kayan Ingila da Amurka sau da yawa na inci gare su. Ka fara ɗaurawa da yatsu, in ya ƙi tafiya da sauƙi ba nasa ba ne, kar ka tilasta da sifana ka cinye tiredin ramin, lokacin ƙaramin aiki ya zama babba. In wurin lungu ne ka sayi mai lanƙwasa, akwai na digiri 45 da na 90.

Don Allah ga abin da nake so kowa ya riƙe. Bindigar hannu mai dogon mariƙi tana iya kai matsi har 10,000 a ma'aunin matsi na psi, tayar ƙaramar mota kuwa talatin da 'yan kai ake sa mata. Kar ka hau kan mariƙin da duka nauyinka don nipil ya ƙi, kar ka ƙara masa fayif, kar ka riƙe tiyo mai tsagewa da hannu tsirara, kar ka sa yatsa a baki don ka ji ko yana fitowa. In tiyo ya fashe giris yana huda fata ya shige cikin nama, a waje ɗan tabo ne kamar sukar ƙaya har mutum ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, a ciki kuwa nama yana mutuwa, mutane sun rasa yatsu ta haka. Duk wanda abin ya samu a kai shi babban asibiti a wannan lokacin, ba gobe ba, ba kemis ba, a gaya wa likita giris ne ya shiga da matsi, domin sau da yawa sai an yi tiyata an wanke. Tiyo in ya kumbura ko ya fara tsagewa a canza shi da wanda aka yi don giris, ba tiyon mai ko na iska ba.

Bakin da ya maƙale a nipil ya ƙi fita ma matsin ne ya riƙe shi. Kar ka fizga, za ka karya nipil. Karkata shi gefe kana ɗan juyawa, in ya ƙi ka rufa tsumma a kan mahaɗin tiyo ka sassauta kaɗan da sifana matsin ya sauka.

Wani lokacin kuma laifin na giris ɗin ne kansa. Wanda aka fi amfani da shi a tarakta shi ne mai lamba 2, za ka ga an rubuta NLGI 2 ko EP2 a jikin bokiti, lamba 3 ya fi tauri kuma da sanyin safiyar hunturu bindiga tana shan wuya da shi, ka ajiye ta a rana ta ɗan ɗumama, ba a kan wuta ba. Da zafin bazara kuwa bokitin da aka bari a rana mai yana rabuwa ya taso sama ya bar tauri a ƙasa. Kuma kar a riƙa gauraya iri-iri, na lithium da wasu nau'o'in ba sa jituwa, haɗinsu ko ya tsinke ya zube ko ya daskare ya toshe hanya, launi kuma ba ya nuna iri, ja ko shuɗi rini ne kawai, karanta rubutun. Giris na awo da ake ɗebowa a leda daga buɗaɗɗen duro ni dai ba na ba da shawararsa, ba ka san me ke ciki ba.

Bindiga mai batir da mai iska duk abin da na faɗa ya shafe su, ƙari kawai ka duba caji, ka duba ƙarfin kwamfireso, ka zubar da ruwan da ke taruwa a tankinsa.

Bindiga ta gyaru, saura yawan da za a sa. Fin da bushin ka buga har sabo ya leƙo ka goge rarar don tana kama ƙura. Amma boris mai sil, wato robar da ke rufe shi, bugu biyu ko uku a hankali ya isa, in ka cika sil ɗin ya fashe ka buɗe wa ƙasa ƙofa da hannunka, haka in motarka tana da nipil a boris ɗin kuloci, in ya yi yawa ya zuba a kan faifai kuloci ya fara zamewa. Littafin mota yana faɗin wuraren da ake yi kowace awa 10 da na kowace awa 50, amma mai aikin shinkafa a cikin ruwa irin su Kadawa da Kura ko fadamar Haɗejia kullum ya kamata ya yi, da yamma bayan an wanke laka, don sabon giris ya kori ruwan da ya shiga kafin ya kwana ya yi tsatsa. Kafin ka ɗora baki goge nipil, in ka gama goge bakin ka rufe shi da leda ko murfi, ka kwantar da bindigar a inuwa cikin akwati, in za ta daɗe a ajiye kamar bayan kaka ka ja sandar baya ka maƙale ta don sifirin ya daina matse mai daga cikin giris.