In kana son zama malamin jami'a a dokar ƙasa da ƙasa

Bayan digirin lauya ka yi LLM, wato digiri na biyu a fannin shari'a, sannan PhD, wato digirin dakta, don ba a cika ba mutum koyarwa a wannan fanni ba tare da dakta ba. Amma tun kana ɗalibi ka zaɓi shari'a ɗaya ka bi ta har ƙarshe. Ni dai ta Hissène Habré zan ba ka, tsohon shugaban Chadi da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016, karanta hukuncin da shaidar waɗanda aka azabtar, wallahi nan za ka ga me ake nufi da adalci bayan rikici. Koyi Faransanci, don kotun ICC ta Hague, mai hukunta manyan laifuka na duniya, da shi da Turanci take aiki. Kuma ka fara rubuta maƙala kana turawa mujallu tun yanzu.