Yadda za ka sa ƙirƙirarriyar basira ta tace maka tulin takardun ƙara ba tare da ta kai ka ta baro ba

Wani ƙanena da ya fara aiki a biron avoka, wato ofishin lauya, nan Damagaram ya tsare ni da tambaya, wai yaya ya ji lauyoyin Amurka yanzu inji, wato ƙirƙirarriyar basira, ke karanta musu dosiye, takardun ƙara ke nan, shi ma zai iya? Na ce zai iya mana amma sai ya san abin da su suke yi tukuna, don tsarinsu daban namu daban.

A can, kafin a je gaban alƙali a shari'ar diyya ko bashi, kowane ɓangare na da ikon ya ce wa ɗaya miƙo min takardunka da suka shafi maganar nan, shi suke kira diskobari. Doka ta 26 da ta 34 na ƙa'idojin kotunan tarayyarsu ne suka tsara shi, wanda aka nema yana da kwana 30 ya ba da amsa, kuma tun 2006 aka shigar da imel da duk abin da ke cikin kwamfuta a lissafi. To lauyan mai ƙara yawanci ƙaramin biro gare shi, ba a biyansa sai an ci shari'a ya ɗauki kamar kashi ɗaya cikin uku, kuɗin aiki duk daga aljihunsa, shi kuma babban kamfani sai ya juye masa takardu jibgi guda ya ce ga su nan nemo, allura cikin ruwa ke nan. Abin da ya tura su ga inji ke nan, ba ƙwalisa ba.

Mu a Nijar tsarin Faransa muka gada, babu wannan tonon silili, mai da'awa shi ke kawo hujjarsa, avoka da avoka su yi musayar takardun da za su dogara a kai, alƙali kuma na iya cewa a fito da wata takarda. Amma tuli dai akwai shi. A ce ɗan kasuwar Dole ne aka ɗauko masa kaya daga Kano ta Matamai, kamiyo ya iso kaya sun lalace, mai mota ya ce ba ruwansa, sai ka ga Alhaji ya shigo biro da leda cike da resi, da littafin bashi rabi boko rabi ajami, da waya mai ɗauke da hirar WhatsApp ta shekara biyu. Nan ne aikin yake.

Farko kar ka taɓa asali. Kowace takarda a yi mata sikan, asalin a kulle a kabad, wayar kuma kar a goge komai ko da saƙon da bai yi wa Alhaji daɗi ba ne, in da hali a sa wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rantsuwa, ya rubuta shaidar abin da ya gani a cikinta. A Amurka wanda ya bari hujjar kwamfuta ta salwanta doka ta 37 na jiransa, nan ma ɗaya avokan ba zai bar ka ka sha ruwa ba. Sannan kowane shafi a ba shi lamba tasa, 0001, 0002 haka har ƙarshe, aikin gundura ne amma duk abin da zai biyo baya a kan lambar nan ya tsaya, in ka tsallake shi ka daina karanta sauran ma.

Sai maganar ina za ka zuba takardun. Kar ka kwashi sirrin Alhaji ka watsa cikin ChatGPT na kyauta a wayarka don kawai ya fi sauƙi, irin waɗannan na iya ajiye abin da ka ba su su yi koyo da shi. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fitar da ra'ayinta mai lamba 512 a Yulin 2024 a kan haka, sirrin wanda kake karewa na wuyanka ko da inji ka ba, mu ma muna da hukumar HAPDP mai kula da bayanan mutane, ga sirrin sana'a da avoka ya rantse a kai. Manyan can suna amfani da manhajojin tace takardu irin su Relativity ko Everlaw, kuɗin dalar Amurka ne, ƙaramin biro sai ya nemi sigar biya wadda aka rubuta ƙarara ba sa koyo da kayanka, ya cire sunaye da lambobin waya inda ba dole, ya kuma faɗa wa mai ƙarar ya amince.

Yanzu tacewa. A fara sa inji ya mayar da hotunan sikan rubutu, ya cire maimai, don resi ɗaya sai ka same shi sau biyar, an turo an sake turowa. Daga nan kar ka ce masa karanta ka gaya min wa ke da gaskiya, wannan ba aikinsa ba ne. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce metir, wato avokan da kake yi wa aiki, da kansa ya zauna ya karanta ɗan kaso, ya ce wannan na da amfani wannan babu, injin ya koya daga nan ya jera sauran daga mai nauyi zuwa maras nauyi. Alƙali Andrew Peck na Niyok ne ya fara amincewa da wannan a 2012, kotun Ingila ta bi a 2016. Na yanzu ma magana kawai kake rubuta masa, kamar haka: ciro min duk inda aka ambaci ranar ɗaukar kaya, ko yanayin kayan, ko wa zai biya in an yi asara, kowanne ka kawo jimlar yadda take da lambar shafi, in ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba. Wannan na ƙarshen kar ka manta shi, don injin kamar yaron shago ne mai kunyar cewa babu, gara ya miƙo maka wani abu.

Duk abin da ya kawo ka buɗe shafin ka gani da idonka. In lamba ba ta kai ka ga jimlar ba, jefar.

Inda mutane ke sakaci kuma shi ne tarin da injin ya ce ba amfani, ni nan na fi tsoro wallahi, don abin da ya nuna maka kana iya kama kuskurensa amma abin da ya ɓoye fa? Ka ɗebo kamar ɗari daga cikinsu ba zaɓe, ka karanta da kanka, in ka tsinci masu nauyi a ciki to umarninka bai cika ba, gyara ka sake. Ƴan kasuwarmu ba sa cewa na amince da sharaɗi kaza, cewa suke to Alhaji ba komai Allah ya kai mu, kuma wannan ba komai ɗin wataƙila shi ne duka shari'ar, inji zai wuce shi kamar gaisuwa.

Saƙon murya na Hausa da rubutun ajami kuwa kar ka dogara da shi sam, Faransanci da Ingilishi yana yi da kyau, amma da an zo Hausar kasuwa ga kukan kabu-kabu a baya sai ya fara shirme, jikka ɗari ta koma wani abu daban, a kuɗi kuwa dala ɗaya ma rigima ce. Mutum ya saurara ya rubuta, sannan a ba injin rubutun. Abin da ya fi iyawa shi ne jera labari rana bi rana, wa ya ce me yaushe, da nuna inda maganar mai mota ta wata Talata ta saɓa da wadda ya yi bayan sati biyu, aikin da zai ci maka kwana uku ka same shi kafin la'asar.

Kafin ka miƙa wa ɗaya ɓangaren komai, ka sa ya ware duk wasiƙar da ke tsakanin Alhaji da metir sannan ka bi da ido, su Amurkawa suna da doka ta 502 ta hujjoji da ke ba su damar janye abin da ya suɓuce, kai kar ka sa rai da haka.

Hukunce-hukuncen baya da ayoyin doka kuma kar ka karɓa daga bakinsa. A 2023 wasu lauyoyin mai ƙara a Niyok, a ƙarar da aka kai kamfanin jirgin Avianca, suka miƙa wa kotu shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙiro babu su a duniya, alƙali ya ci su tarar dala 5,000 ta Amurka, kunyar ta fi tarar. In ya ce maka aya kaza ta dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta ce kaza, ɗauko littafin ka duba kafin ta shiga takardar da metir zai sa wa hannu.

Ƙanen nawa na ce masa ya fara gwadawa da tsohon dosiye da aka riga aka gama, wanda metir ya san cikinsa da bayansa, ya ga me injin zai kamo me zai bari. Kuma ya riƙa ajiye aikin a kile USB biyu kowace yamma, ya san halin kuran ɗinmu in zafi ya shigo.