Yadda Gari Zai Kafa Asusun Lafiya Don A Daina Biyan Kuɗi A Ƙofar Asibiti

A ɗauka cewa wani gari a kusa da Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya yanke shawarar cewa daga yau ba za a ƙara cewa mara lafiya ya kawo kuɗi kafin likita ya duba shi ba. Abu na farko da za a tsayar shi ne lokacin karɓar gudummawa. Zazzaɓin cizon sauro yakan tsananta ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma abin hannu ya tafi wajen taki da noma, saboda haka a karɓi kuɗin da kaka, ko ranar da aka biya manoma kuɗin auduga. Wanda ba shi da tsaba ya kawo dawa ko gyaɗa, a yi musu kuɗi a gaban shaidu.

Rajista ta zama ta gida ɗungurungum, domin idan aka bar kowa ya shiga shi kaɗai, masu ciwo ne kawai za su zo, asusun kuwa ba zai ga ƙarshen shekara ba. Wajibi ne kuma a fahimtar da jama'a tun farko cewa wannan ba adashi ba ne: wanda shekara ta wuce bai kwanta ba, ba zai zo ɗauka ba.

Idan gidaje 400 suka ba da sefa 5,000 kowanne, an tara miliyan 2. Wannan zai taimaka wajen ganin likita da magungunan yau da kullum, amma ba zai ɗauki nauyin tiyata ba, sai garuruwa da yawa sun haɗa asusunsu, gwamnati kuma ta sa hannu. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma a ganina ya kamata a riƙa tuna musu. Batun haihuwa ya zo da sauƙi, tunda a jihohin arewacin Kamaru akwai cekin lafiya na sefa 6,000 da ke biyan awon ciki, haihuwa da tiyatar fitar da jariri. Abin da ya rage wa asusun shi ne ya saya wa matar da ba ta da hali wannan cekin.

Marayu, zawarawa da tsofaffin da ba su da mai kula da su, a biya musu daga sadaka, ko daga hayar shagon da wani ya yi wakafi. Idan za a sa zakka, a fara tuntuɓar malamai.

Kuɗin ya zauna a banki, kada a cire ko sisi sai da sa hannun mutum uku, cikinsu har da mace. A biya asibiti kai tsaye a ƙarshen kowane wata bayan an duba takardun marasa lafiya, sannan duk bayan wata uku a karanta abin da ya shiga da wanda ya fita a ƙofar fadar lamido ko jauro (mai gari), da Hausa da Fillanci.